Tarkon wucin gadi a Mudlet: yadda ake ɗana shi da yadda ake kwance shi

Wannan bayani ne ga 'yan uwa masu buga wasannin rubutu na intanet, waɗanda ake kira MUD, musamman waɗanda suka fara taɓa rubutun umarni a manhajar Mudlet suka ga abu yana yi musu gardama. Ni ba injiniya ba ne. Sakandare na gama, da rana ina kara wajen shanun mahaifina, da dare ne nake buɗe tsohuwar kwamfutata. Abin da zan faɗa a nan da hannuna na koya, kuma rabinsa asara ce ta koya mini.

Ga wanda bai san wasan ba, MUD duniya ce da babu hoto a cikinta, rubutu ne zalla. Ka rubuta north, wasan ya ba ka bayanin ɗakin da ka shiga. Ka rubuta kill rat, ya riƙa zubo maka yadda faɗan yake gudana layi bayan layi. Mutane da yawa ne a ciki lokaci guda, kowa daga ƙasarsa. Na farkonsu Roy Trubshaw ne ya fara rubuta shi a Jami'ar Essex da ke Ingila a 1978, Richard Bartle ya ci gaba da shi. Har yau akwai waɗanda ake bugawa, irin su Achaea, Aardwolf, BatMUD da Discworld. Abin da ya ja ni gare su shi ne ba sa cin data, kuma kwamfuta ko ta kwana biyu tana ɗauka.

Mudlet ita ce manhajar da take haɗa ka da sabar wasan. Kyauta ce, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma yaren da ake ba ta umarni da shi Lua ne, samfurin 5.1, yaren da aka ƙirƙira a wata jami'a a Birazil a 1993. Saba kuwa, na ga masu fassara suna ce mata uwar garke. A matsayina na ɗan kara sunan ya yi mini daɗi, amma zan tsaya a kan saba don kada mu rikice.

Mene ne tarko, kuma me ya raba na wucin gadi da na dindindin

Abin da manhajar take kira trigger, ni tarko nake ce masa, domin aikinsa ke nan. Kana ɗana shi da wani rubutu, duk layin da ya zo daga saba manhajar ta gwada shi a kai, in ya dace sai tarko ya kama, ya aiwatar da umarnin da ka ɗaura masa.

Tarko na dindindin shi ne wanda ka ƙirƙira a allon gyara na Mudlet, yana da suna, kana ganinsa a jeri, kuma ana adana shi tare da furofayil ɗinka. Na wucin gadi kuwa daga cikin rubutun Lua ake haifarsa. Ba ya fitowa a jerin, ba shi da suna sai lamba, kuma ba a adana shi: ranar da ka rufe furofayil ya tafi.

Na dindindin kamar maigadin kara ne, kowa ya san shi, an san inda yake zama. Na wucin gadi kamar yaron da ka tsayar a bakin titi ne ka ce masa, in tirelar Potiskum ta shigo ka kira ni. Tirela ta shigo, ya kira ka. Yaro mai hankali daga nan gida zai wuce. To wannan yaron ba ya wucewa. In ba ka sallame shi ba yana nan tsaye, duk tirelar Potiskum da ta shigo sai ya ƙwala maka kira. In gobe ka manta ka sake tsayar da wani, sun zama biyu, kuma babu wanda kake gani a cikinsu. Kalmar wucin gadi ita ce take yaudarar mutane. Ba tana nufin zai mutu da kansa bayan ya kama sau ɗaya ba, tana nufin ba a adana shi ne kawai.

Yaushe ake bukatarsa? Lokacin da kake jiran amsa ɗaya ga umarni ɗaya. Ka aika a buɗe ƙofa, kana jiran a ce maka ta buɗe ko a kulle take. Wannan layin ba ka damu da shi ba sai a cikin 'yan daƙiƙun nan. Haka nan in abin da za a kama yana canzawa, kamar sunan wanda kake bi ko dabbar da kake farauta yanzu.

Ɗana shi

Layukan Turancin da ke cikin misalan nan nawa ne, kowa ya duba yadda nasa wasan yake rubuta su, harafi da harafi.

```
tarkonKofa = tempTrigger("The door is locked", function()
  send("unlock door")
  send("open door")
end)
```

Abu na farko da ake ba tempTrigger shi ne rubutun da zai nema, na biyu aikin da zai yi. Yana kama rubutun a ko'ina cikin layi, farko ko tsakiya ko ƙarshe, kuma yana bambanta babban harafi da ƙarami. Abin da ya mayar maka lamba ce, ita muka ajiye a tarkonKofa. Wannan lambar ita ce igiyar da ke wuyansa. In ka sake ta, ba ka da abin kama shi. Kwance shi kuwa layi ɗaya ne:

```
killTrigger(tarkonKofa)
tarkonKofa = nil
```

Ku lura na rubuta Kofa ba Ƙofa ba. Sunayen ma'ajiya a Lua a bar su da haruffan Turanci zalla, ban da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba kuskure zai fito. Kuma killTrigger na wucin gadi kawai yake kashewa. Wanda ka yi a allon gyara sai dai ka dakatar da shi da disableTrigger, ka tashe shi da enableTrigger. Waɗannan biyun suna aiki a kan na wucin gadi ma in ka ba su lambarsa, amma dakatarwa ba kashewa ba ce, yana nan kwance yana jira.

Dangin tempTrigger suna da ɗan yawa. tempExactMatchTrigger sai layin gaba ɗaya ya zama daidai da abin da ka ba shi. tempBeginOfLineTrigger farkon layi kawai yake dubawa. tempColorTrigger launin rubutu yake kamawa. tempPromptTrigger yana kama layin nan da wasan yake nuna maka ƙarfinka da shi yana jiran umarni, amma sai in wasan yana aiko da alamar da ke nuna ƙarshen wannan layin. Wanda za ka fi amfani da shi duk cikinsu shi ne tempRegexTrigger.

Rejeks wata hanya ce ta zana siffar layi maimakon rubuta shi daidai. Misali kana so ka san wa ya ba ka zinare kuma nawa:

```
tarkonKyauta = tempRegexTrigger([[^(\w+) gives you (\d+) gold\.$]], function()
  local suna = matches[2]
  local adadi = tonumber(matches[3])
  echo("\n" .. suna .. " ya ba ka " .. adadi .. "\n")
end)
```

Alamar ^ tana nufin farkon layi, $ ƙarshensa, \w+ kalma, \d+ lambobi. Duk abin da ka sa a cikin baka yana faɗawa teburin matches. A nan ne sabon shiga yake tuntuɓe: matches[1] layin da aka kama ne gaba ɗaya, baka ta farko tana matches[2], ta biyu matches[3]. Kuma abin da ya fito rubutu ne ko da lamba ce, shi ya sa na bi da shi ta tonumber.

Akwai wani ramin a nan da ya ci mini dare guda. Na sa rejeks ɗin a tsakanin [[ da ]], ba tsakanin alamar zance ba. In ka rubuta "\w" a cikin alamar zance, Lua 5.1 tana haɗiye sandar nan mai karkata ta bar maka w kawai, kuma ba za ta ce maka komai ba. Tarko ya ɗanu lafiya lau, ya ƙi kama komai, kai kuma kana ta zargin netwok. Ko dai ka ninka sandar, "\\w", ko ka yi amfani da [[ ]]. Ni na biyun nake yi kullum.

Yadda na yi asarar maganina

Na taɓa yin wani gajeren umarni da nake bugawa kafin in shiga faɗa. Aikinsa ya ɗana tarko a kan layin da ke cewa ina zubar da jini, in ya kama ya aika a sha magani. Ban ajiye lambar ba, ban kashe komai ba, a tunanina tunda na wucin gadi ne zai tafi da kansa. A daren na buga umarnin ya kai sau 14, kuma faɗan farko-farko duk masu sauƙi ne, jini bai zuba ba. Da na gamu da dabbar da ta yage ni da gaske, layin ya fito sau ɗaya, tarko 14 suka kama tare. Umarnin shan magani 14 suka tafi a daƙiƙa guda. Layin ya sake fitowa, wasu 14 suka bi. Kwalaben da na yi kusan sati biyu ina tara zinaren sayensu suka ƙare ina kallo, sannan saba ta yanke ni don ta ga umarni suna zubowa kamar na mai ɓarna. Da na dawo ɗan wasana ya riga ya mutu. Zinaren wasa ne, na sani, amma sati biyun nawa ne, da data ɗina.

Wannan tarin yana faruwa ta wata hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa. A Mudlet, duk lokacin da ka danna adana a kan rubutun da ke sashen Scripts, manhajar tana gudanar da shi daga sama har ƙasa. In akwai tempTrigger a fili a cikinsa, kowace adanawa sabon tarko ne. Kana gyara waƙafi ɗaya kana adanawa, kana ƙara yaro a bakin titi. Maganin shi ne ka kashe tsohon kafin ka ɗana sabo:

```
if tarkonJini then killTrigger(tarkonJini) end
tarkonJini = tempRegexTrigger([[^You are bleeding]], function()
  send("drink potion")
end)
```

Dole tarkonJini ya zama ma'ajiya ta kowa, wato kada ka sa masa local a gaba. In ka sa local, da rubutun ya gama gudana lambar ta ɓace, zagaye na gaba babu abin da zai tarar ya kashe.

Tarkon da ke sallamar kansa

Hanya mafi sauƙi ita ce abu na uku da ake ba shi, adadin sau nawa zai kama kafin ya goge kansa. Tsofaffin fitowar Mudlet ba su da wannan, amma duk wanda ya sauke manhajar a 'yan shekarun nan yana da shi.

```
tempRegexTrigger([[^You finish eating]], function()
  send("stand")
end, 1)
```

Lamba 1 ɗin nan ta ƙarshe ita ce sallama. Akwai kuma wata dabara da na daɗe ban sani ba: in aikin ya ƙare da return true, wannan kamun ba ya shiga lissafi. Ga inda take amfani. Kana jiran abokinka, a ce sunan ɗan wasansa Dogo, amma mutane suna ta shigowa ɗakin:

```
tempRegexTrigger([[^(\w+) arrives from the (\w+)\.$]], function()
  if matches[2] ~= "Dogo" then return true end
  send("greet Dogo")
end, 1)
```

Kowa ya shigo tarko zai kama, ya duba, ya ga ba shi ba ne, ya koma ya ɗanu. Sai Dogo ya shigo sannan ya gaishe shi ya tafi.

In kuma kana so ya kashe kansa da hannu daga cikin aikinsa, akwai abin lura a yadda Lua take. Wannan ba ya aiki:

```
local lamba = tempTrigger("You wake up", function() killTrigger(lamba) end)
```

Ga ido daidai yake. Amma a Lua ma'ajiyar local ba ta fara wanzuwa sai layin da ya haife ta ya ƙare, don haka lamba ɗin da ke cikin aikin wata ce daban, fanko. Sai ka raba shi biyu: local lamba a layinsa shi kaɗai, sannan lamba = tempTrigger a layi na gaba.

Za ku ga wasu suna ba tarko aikinsa a matsayin rubutu tsakanin [[ ]] maimakon function. Yana aiki, tsohon salo ne. Sai dai irin wannan ba ya ganin ma'ajiyar local da ke kewaye da shi, kuma kuskuren da ke ciki ya fi wuyar ganowa. Ban ga dalilin da sabon mai koyo zai fara da shi ba.

In amsar ba ta zo ba fa?

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci a wajena, domin lamba 1 ɗin can ba ta warware komai da komai ba. Tarko mai sallamar kansa sai ya kama yake tafiya. In layin da yake jira bai taɓa zuwa ba, yana nan. Ka aika a sayi burodi, kana jiran a ce ka saya, sai wasan ya ce kuɗinka bai kai ba. Tarkon nasara ya zauna yana jira, sai bayan awa biyu ka sayi burodi don wani dalili daban ya kama ya yi abin da ka manta ka taɓa umarta.

Don haka duk umarnin da ka aika, ka lissafa ƙarshensa uku: ya yi, bai yi ba, ko shiru. Biyun farko tarko ne, na ukun agogo ne, wato tempTimer. Duk wanda ya riga faruwa a cikinsu sai ya share sauran.

```
sayayya = sayayya or {}

function shareSayayya()
  if sayayya.nasara then killTrigger(sayayya.nasara) end
  if sayayya.rashi then killTrigger(sayayya.rashi) end
  if sayayya.agogo then killTimer(sayayya.agogo) end
  sayayya = {}
end

function sayiBurodi()
  shareSayayya()
  sayayya.nasara = tempRegexTrigger([[^You buy a loaf of bread]], function()
    shareSayayya()
    send("eat bread")
  end)
  sayayya.rashi = tempRegexTrigger([[^You can't afford]], function()
    shareSayayya()
    cecho("\n<red>Kudi bai kai ba.\n")
  end)
  sayayya.agogo = tempTimer(10, function()
    shareSayayya()
    cecho("\n<yellow>Shiru, an fasa.\n")
  end)
  send("buy bread")
end
```

Dubi tsarin. Layin farko, sayayya = sayayya or {}, yana hana adanawa ta goge teburin da ke riƙe da lambobin. Aikin sayen yana farawa da shara, saboda haka ko ka buga shi sau 14 tarko biyu da agogo ɗaya ne kawai a raye. Kuma send ya zo a ƙarshe, bayan an gama ɗana komai. Ni haka na saba: a ɗana tukuna, sannan a koro.

Daƙiƙa 10 ɗin nan ba doka ba ce. Rubuce-rubucen da Turawa suke rabawa sau da yawa za ka ga sun sa daƙiƙa 1 ko 2, domin sabar tana kusa da su kuma layinsu ba ya rawa. Mu da muke jona kwamfuta da wayar hannu, kuma sabar tana Amurka ko Turai, da yamma in netwok ya cushe amsa tana iya jinkiri fiye da haka. In agogon ya yi gajarta zai kwance tarkon kafin amsar ta iso, kai kuma ka ga kamar rubutun ne ya lalace. Duk rubutun da ka karɓo daga wani, fara duba lambobin agogonsa.

Wani abin game da agogo: in kana cikin aikin tarko ka ɗana tempTimer, kada ka taɓa matches daga cikin agogon. Kafin ya buga wasu layukan sun shigo, teburin ya canza ko ya zama fanko. Kwashe abin da kake so ka zuba a local tun a wajen, kamar yadda na yi da suna da adadi a sama, sannan agogon ya yi amfani da su.

Sai yankewar layi, wadda mu ba baƙuwarmu ba ce. Netwok ya ɗauke, ko wuta ta tafi wayar ta mutu, ka sake haɗawa. Tarkunan wucin gadi ba sa mutuwa don layi ya yanke, suna cikin manhajar ne ba a saba ba, sai an rufe furofayil. Mudlet tana sanar da yankewar ta wani abu mai suna sysDisconnectionEvent, kuma kana iya rataya shararka a kansa:

```
registerNamedEventHandler("ni", "sharar sayayya", "sysDisconnectionEvent", shareSayayya)
```

Na zaɓi wannan mai sunan ne domin in ka sake yi masa rajista da suna ɗaya yana maye gurbin tsohon, ba ya taruwa.

Kama layuka da yawa

Wani lokaci ba layi ɗaya kake so ba, jeri ne, kamar kayan da ke jakarka. tempLineTrigger ba ya duba rubutu sam, ƙirga layi yake yi. Ka ce masa daga ina zai fara kuma layi nawa zai ɗauka:

```
kaya = {}
tempLineTrigger(1, 5, function() table.insert(kaya, line) end)
```

Wannan zai kwashe layi 5 masu zuwa ya tafi da kansa, kuma line ma'ajiya ce da Mudlet take zuba layin da ake kai a ciki. Yana da sauƙi amma makaho ne. In wani ya yi magana a ɗakin a tsakiyar jerin, maganarsa ta shiga cikin kayanka, abu na ƙarshe kuma ya zube. In tsawon jerin yana canzawa, gara ka ɗana rejeks mai kama kowane layi, ka riƙa tarawa, ka kashe shi da ka ga layin rufewa. Irin wannan mai kama komai kada ka kuskura ka bar shi babu agogo a bayansa.

Mutane ma suna taka tarko da gangan

Tunda tempTrigger yana kama rubutu a ko'ina cikin layi, ba ya bambanta maganar wasa da maganar mutum. In wani ɗan wasa ya gane kana da tarko a kan You are bleeding, yana iya faɗin wannan jimlar a ɗaki, layin ya zo maka da sunansa a gaba, tarkonka ya kama ka sha magani a banza. Tsohuwar tsokana ce a waɗannan wasannin, kuma in tarkon naka na miƙa kaya ne ko zinare, ta wuce tsokana. Alamar ^ ita ce kariya, domin maganar mutum da sunansa ko da wata kalma take farawa. Duk tarkon da zai kashe maka wani abu, sa masa ^, in ya yiwu da $.

Su ma suna da nasu matsalar. A wasu wasannin layin jiran umarni yana mannewa a gaban layin da ya biyo shi, sai ^ ya ƙi kamawa. Wasu kuma sabar ce take karya dogon layi gida biyu, sai $ ya ƙi. In tarko ya ƙi kamawa, kwafo layin daga allo yadda ya zo ka dube shi da kyau kafin ka taɓa rubutun.

Ka kuma kula da tarkon da amsar umarninsa take sake taka shi. Misalin ƙofar can na farko yana da wannan cutar: in ba ka da makulli, open door zai sake jawo The door is locked, tarko ya sake kamawa, haka za su yi ta yi har saba ta kore ka. Da an sa masa 1 a ƙarshe da magana ta ƙare.

Gwaji da bincike

Ba sai ka shiga wasa ba kafin ka gwada. feedTriggers yana cusa wa manhajar layi kamar daga saba ya zo. A wurin rubuta umarni ka buga:

```
lua feedTriggers("You are bleeding\n")
```

Kada ka manta \n ɗin ƙarshe. Ni yanzu haka nake gwada komai ba tare da na kunna data ba, kuma nakan cusa layin sau biyu a jere in ga ko tarkon ya tafi bayan na farko. In kana so ka ga lambobin da kake riƙe da su, lua display(sayayya) zai baje maka teburin. exists da isActive, in ka ba su lambar da kalmar "trigger", za su gaya maka ko yana nan kuma ko a ɗane yake. A allon gyara akwai maɓallin Errors mai nuna kurakuran Lua, da Statistics mai nuna adadin tarkunan wucin gadi da ke raye. In ka ga adadin yana hawa alhali ba ka yin komai, akwai inda kake haifa ba ka kashewa. Waɗanda lambarsu ta riga ta ɓace kuwa, kada ka wahalar da kanka: gyara rubutun, rufe furofayil, sake buɗewa.

Ga masu wasu manhajojin

Da yawanmu waya ce a hannu ba kwamfuta ba, kuma Mudlet ta kwamfuta ce. Mai Android yana iya sa TinTin++ ta cikin Termux. A can #action ne yake ɗana tarko, #unaction ya kwance shi, kuma in ka fara da #line oneshot zai kama sau ɗaya ya tafi. Tarkonta da rubutun da yake nema ake gane shi, saboda haka in ka sake ɗana iri ɗaya yana maye gurbin na da ne, matsalar taruwa ba ta cika tasowa ba. Tana da #class kuma, wanda ke ba ka damar tara tarkuna a rukuni ɗaya ka kashe su gaba ɗaya.

MUSHclient ta Windows, wadda Nick Gammon ya rubuta, tana da AddTriggerEx, kuma ta raba abubuwan biyu a fili: alamar Temporary ta kada a adana ce, OneShot ta kama sau ɗaya ce. DeleteTemporaryTriggers yana share dukkansu a bugu ɗaya. A tsohuwar zMUD kuwa umarnin #TEMP yana goge kansa da zarar ya kama, kuma ina zargin daga nan ne wasu tsofaffin 'yan wasa suka ɗauko zaton cewa na Mudlet ma haka yake.

Kafin ka ɗana ko ɗaya, karanta dokar wasanka a kan sarrafa kai, yawanci help rules zai kai ka wurin. Wasu sun yarda da tarkon magani da na tattara bayani amma sun hana a bar ɗan wasa yana farauta shi kaɗai mai shi ba ya gaban allo, wasu kuma sun fi haka tsanani. Hukuncin yakan kai ga kwace abin da ka tara ko rufe ɗan wasan gaba ɗaya, kuma masu kula da wasan ba ruwansu da cewa tarkon mantuwa ne ya yi aikin ba kai ba.